Ƙafafun Jirgi

Shekara ashirin da ɗaya ina walda a Tudun Wada.
Ƙofa na sani, da taga, da gadon ƙarfe,
ban taɓa yi wa jirgi ƙafa ba
sai ranar da Malam Tanimu ya zo da kara a hannu
ya ja mini tsawonsa a ƙasa:
taku goma sha tara, da ɗan ƙari.
Ya ce, "Barau, Yawuri za mu. Can ne ruwa."

Na ce ga Galma nan kusa, ga Kubanni.
Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Ɗan masunta ne, aikin reluwe ya kawo shi Zazzau,
shekara talatin yana bin dogo da guduma,
kifi sai na kasuwar Sabon Gari, a faranti, da ciniki.
Da kuɗin sallama ya sa aka ƙera jirgin,
yana kife a tsakar gida, kaji na kwana ƙarƙashinsa,
damina kaɗai ke shafa masa ruwa.

Wajen 'yan gwangwan muka samo aksul,
na wata Fijo da ta gama zamaninta a hanyar Funtuwa.
Sifirin ya saki, na ƙara masa falle biyu.
Boris na kuka kamar ƙyauren tsohon zaure,
na fidda shi, na sa sabo, na ɗura giris har ya tofo.
Ɗanliti, yaron shago, na riƙe da bakin tef
yana karanta lamba a juye.
Sau uku na auna.
Ƙarfe in ka yanke shi ba ya tsirowa.

Ran Laraba aka ɗauke wuta.
Janareta ta yi tari, ta yi tari, ta kama.
Malam na zaune kan benci, tartsatsi na faɗa wa takalminsa,
bai janye ƙafa ba.

Duk sirrin yana mazaunin taya.
Ka tura ta gaba, wutsiya ta yi ta kaɗawa bayan mota
kamar akuyar da ba ta son kasuwa;
ka ja ta baya, nauyi ya danne ƙugun a-kori-kura.
Muka ɗora jirgin, mu shida da mai shayi,
na ɗaga hancin tirelar,
na ji rabin buhun masara a damtsena, ba ƙari.
Na ce nan ne. Alli ya shaida, wuta ta biyo da ɗaurewa.

Tsohuwar taya na tsaga na shimfiɗa kan katako
don kada ƙarfe ya ci cikin jirgin.
Sarƙa biyu a gicciye, ko ƙugiya za ta ci amana.
Safaya biyu, jak, jar wuta a baya.
Fenti shuɗi ya zaɓa. Ban tambayi dalili ba.

Asubar Asabar na ce wa direba:
kada ka yi tsere da kowa,
ramin hanya ba ya jin Allah-ya-ba-ka-haƙuri.
Duk garin da kuka tsaya, ka dafa cibiyar taya da bayan hannu
yadda uwa ke dafa goshin ɗanta.
In da zafi, ku zauna. Kogi ba ya guduwa.

Suka bi ta Kwangila, 'yan acaba na waiwaye,
jirgi a kan kwalta, tsoho a gidan gaba da hula sabuwa.

Kwana huɗu shiru.
Ran na biyar waya ta yi ƙara ina tsakar yanka rodi.
Bai yi sallama ba.
Wani abu nake ji yana marin katako, lab, lab,
sai na kashe injin, na toshe ɗaya kunnen.

Can na ce, "Malam, tirelar fa?"
Ya ce, "Tana gaɓa. Ko noti bai kwance ba.
Mata sun samu wurin shanya kifi."

Na koma kan rodina.
Layin da ya ja da kara yana nan a bakin shago,
na hana Ɗanliti sharewa.