Ɗamarar Dutse

Ranar Talata na tashi aiki da wuri,
na bar wa Joris tuƙin taragon titi,
na bi ta bayan babbar tashar Antwerp cikin yayyafi
da ajiyar wata bakwai a aljihun ƙirjina.

Shagon Godelieve bai fi ɗakin girki ba.
Gashinta fari fat, yatsunta ba sa rawa,
gilashin dubawa na lilo a wuyanta.
Ta shimfiɗa farar takarda, ta zubo duwatsu uku,
duka zagayayyu, duka karat guda,
suna ƙifta mini ido kamar sun san sunana.

Na nuna mafi faɗi. Ba ta ce a'a ba.
Ta cafke shi da hantsaki, ta juya shi ta gefe.
"Kowa fuska yake kallo, Wannes,
ni kuwa ƙugu nake dubawa.
Ga inda sama ta haɗu da gindi,
ɗan layin da ya zagaye shi kamar ɗamara.
Kanne ido ɗaya, ka leƙa."

Na leƙa. Siriri ne kamar bakin aska.
"Mai yankan ya so burgewa,
ya yi ta kankara har ya kusa cinye shi.
Lu'ulu'u ya fi ƙarfe tauri, amma yana da jijiya.
Ya daki bakin tukunya ta daidai wurin,
sai ka ji ƙas! Ya ɓantare,
kuma ba a haifi mai ɗinke shi ba."

Na biyun ya ci ya ƙoshi, ya tara a ƙugu.
"Sikeli zai ce karat guda, bai yi ƙarya ba,
sai dai nauyin ya maƙale a gefe,
inda faratan zobe za su rungume shi.
Ka biya kuɗin abin da ba za a gani ba.
Dube shi ta sama, ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ta ajiye hantsakin, ta dube ni.
"Me take yi da hannunta?"
Na ce Lieselot kifi take sayarwa:
ƙanƙara, wuƙa, akwatunan ƙarfe,
tun kafin kogin Schelde ya ga hasken safiya.

Sai tsohuwar ta zare zoben yatsanta,
ta tura mini shi ƙarƙashin fitila.
A gefen dutsen akwai ɗan giɓi,
bai kai ƙwayar gishiri ba.
"Odiel ne ya yanka shi, yana ɗan ashirin da uku.
Ya so in fi kowa haske a unguwa.
Wata biyar da aure, na buge shi da ƙofar tanda.
Na ɓoye masa. Shi ma ya gani, ya ɓoye mini.
Shekara arba'in da ɗaya muna wannan wasan,
har na raka shi maƙabarta."
Ta mayar da zoben, ta shafa giɓin da babban yatsa.

Na ukun bai kira ni da farko ba.
Ɗamararsa tsaka-tsaki, ta ɗan karkata ga kauri.
Ta murza shi sannu a gaban idona,
layin ya zagayo bai kumbura ba, bai tsuke ba.
"Wannan zai jure sanyi da akwatuna," ta ce,
ta naɗe shi a takarda, ninki biyar.

Washegari da asuba, kafin in tayar da tarago,
na tsuguna a gefen dogo da tocila,
na daɗe ina duban leɓen ƙafar ƙarfe,
ɗan bakin nan da ke riƙe mu a kan layi.
Joris ya ce, "Ka yar da wani abu ne?"
Na ce a'a. Na taɓa aljihun ƙirjina.