Laujen da Ido Ba Ya Gani

Ƙarfe biyun dare a ɗakin gwaji,
janareta na tari a bayan taga.
Na ɗora farin gari, bai kai ƙwayar gero ba,
tsakanin gilasai biyu,
na kunna zafi ƙarƙashinsa ina jiran narkewa.

Wata bakwai na yi ina haɗa shi.
Zobba biyar na kabon, na tsakiya shi ne gwiwa,
hannu ya fita nan, hannu ya fita can,
sun ƙi miƙewa,
sun tsaya a kusurwa ɗari da ashirin,
kowanne da doguwar jela tana kaɗawa.

Masu littafi sun ce da ayaba ya yi kama.
Ni ban ga ayaba ba.
Laujen Baba Mani na gani, a rumfarsa ta Ƙofar Guga,
ja wur a bakin awartaki,
masaba na sauka, ƙarfe na lanƙwasawa.

Zafi ya haye ɗari da arba'in.
Gari ya zama ruwa, madubin ƙara girma ya yi duhu.
Sai na rage wuta, kaɗan, kaɗan.
Ga shi nan.
Shuɗi ya keto kamar an buɗe bakin marina,
kore ya bi shi, ruwan goro ya bi kore,
wasu zarurruka suna tsiro suna murɗewa.

Bai daskare ba, bai kuma watse ba.
Yana malala kamar zuma,
amma cikin malalar yana riƙe da sahu,
hali ne tsakanin dutse da ruwa.

Ina 'yar shekara tara aikina ɗaure lauje,
goma sha biyu a kowane dami.
Miƙaƙƙen ƙarfe ko yaya ka jefa shi ya kwanta,
in ya ga dama ya mirgina.
Lauje ba ya mirgina.
Sai cikin wannan ya rungumi bayan wancan,
baki duka gefe guda,
in ba haka ba igiya ba ta kamawa.

Haka su ma.
Kowane sahu da inda ya dosa,
yana ɗauke da 'yar wutarsa a gwiwa.
Na sama ya dubi gabas, na ƙasa ya dubi yamma,
a yi lissafi a tashi babu.
Na taɓa su da lantarki,
kafin ƙiftawar ido duk sun juya fuska ɗaya,
launi ya sauya, ni kaɗai na shaida juyawa.

Ga wanda ya hana ni barci.
Ƙwaya ɗaya ba ta da dama, ba ta da hagu,
ka nuna mata madubi, ita ce dai.
Amma su taru su jingina da juna,
sai taro ya zaɓi hannu:
wannan unguwa ta murɗa dama,
maƙwabciyarta ta zama bahaguwa,
ba wanda ya umarce su.
Wa ya ce sai a naɗi ake ɓoye lauje?
Ga shi a ɗigon da ƙuda zai raina, yana ɓoyuwa.

Janareta ya yi tarin ƙarshe.
Duhu.
Ina jin ƙarfen injin yana ƙas, ƙas, yana hucewa,
na san can cikin gilashi sahu ya sandare,
abin da ya yi rawa ɗazu ya koma gari.

Ran Juma'a Baba ya tambaye ni,
bayansa ya ranƙwafa, ido ya yi yana:
"Tasalla, wai me kike ƙerawa a makarantar nan?"
Na yi shiru, na rasa ta inda zan fara.

In gari ya waye zan sayi ƙosai a Ƙofar Ƙaura,
in zauna kusa da zugazugin da ya daina numfashi,
in ce masa, sana'arka ce, Baba,
sai dai nawa laujen ba ya yankan ciyawa.
Haske yake yanka.
Na san zai yi dariya ya ce, to nawa ake sayarwa?