Mabusar Dinya

Mabusar babana ta tsage ranar Laraba,
tsagar ta bi tsawonta kamar faso a diddige.
Na busa, iska ce kawai ta fito,
dinyoyin tsibiri ko kai ba su ɗaga ba.

Na tafi rumfar Attom masassaƙi, bayan kasuwar Mai Wurno,
inda ƙamshin gahawa ke kokawa da na soyayyen kifi.
Ya jera mini huɗu a kan buhu.

"Wannan roba ce, daga Umdurman ta zo.
Ruwa ba ya cin ta, rana ba ta tanƙwara ta,
muryarta ɗaya, yau da gobe da baɗi.
Illarta ke nan.
Dinya ta ji sau biyu, ta haddace."

Ya ɗauko ƙaho,
na bajimin da aka yanka a bikin ɗan Babikir.
Amonsa mai kauri, yana ƙetare Bahar har gaɓar can,
amma da sanyin asuba dushewa yake,
sai ka ɗumama shi a hammata kamar ƙwai.
Ga karnuka na son warinsa:
ka manta shi a ƙasa, ka yi asara.

Ta ukun ban tambaya ba, na gane ta.
Kwanson harsashi ne, an huda, an goge har yana walƙiya.
Yara ke tsinto su a hanyar Sinnar,
kwano kwano, kamar kalar gyaɗa.
"Ita ce mafi arha," in ji shi, bai dube ni ba.
Na kai baki, ɗacin tagulla ya kama mini harshe,
na ajiye.
Ya ce, "Ai kai ma ba gaisuwa za ka kai wa dinya ba."
Na ce na sani.
Ban dai ɗauka ba.

Saura itacen bagaruwa, ja, mai nauyi,
wanda ya girma da ƙafarsa cikin ambaliya.
"Wannan ɗan rigima ne.
Ya sha raɓa ya kumbura, ya sha rana ya tsuke,
kullum da muryar da ya kwana da ita.
Sai da man riɗi, sai da lallami.
Shekara goma, in ka yi sa'a, shi ma ya tsage."
Na ce na babana ya kai ashirin da uku.
Ya ce, "Babanka ba ya busa sai da dalili."

Na biya, rabi kuɗi, rabi albasa.

Da asuba na kutsa kwalekwale cikin iwa.
Busar farko ta fito kamar tarin tsoho,
ta biyu ta ɗan gyaru.
A ta uku wata ta amsa daga duhun tsibiri.
Ba ta taso ba, amsawa kawai ta yi,
kamar mai tambaya: kai wane ne, ina wancan?

Na daɗe zaune, bindiga a cinya,
ruwa na lasar gefen jirgi,
ina neman yadda ake faɗin haka da itace.