Dala Talatin

Da asuba nake tare faba-faba a Talaje,
dala talatin ƙulle a bakin zane.
Sahabi karen mota na kiran Babbar Kasuwa,
mu cusu, gwiwa na gaida gwiwa,
kwandon kifin wata bisa ƙafata.

Daga kasuwa ƙafa ce motata.
In raɓa bangon gidan tarihi
zuwa likita, inda tsintsiya ke jirana.
Shekara tara ina jin zaki ta bayan bango,
ban san launin idonsa ba.

Yau Lahadi.
Na ɗora Zuwera a cinya,
tunda cinya ba ta biyan kuɗin mota.
Sahabi ya ce, "Aiki har yau?"
Na ce, "Gaisuwa za mu,
wurin wani maƙwabci mai gurnani."