Gadin Ruwan Gishiri

Kakana Labbo bai taɓa ganin ruwan
da jaki ba ya ƙetarewa da rani ba,
sai shekarar da anka rubuta sunanshi
ƙofar hakimi, anka miƙa mishi takalmi.

Daga Kwalkwalawa sunka kai shi Ikko,
sunka aje shi bayan igwa,
bakinta na kallon teku.
Saje ya ce jirgin abokan gaba
ta ƙarƙashin ruwa yake tahowa, kamar kada.
Wata goma sha bakwai yana jiran kada.
Bai zo ba.
Tsatsa ce ta zo, da sauro,
da masassarar da ta ɗauke wani yaron Wurno
a tabarmar da ke gefenshi.

Nan gida kuwa Ige
na kaɗa miya da ruwan toka,
gishiri ya ɓace a kasuwa.
Ta sai da akuya biyu ta biya haraji,
ta koyi jan jigo don albasa ta sha.
Shi yana can yana tofar da gishiri
duk sa'ad da iska ta watso mishi a baki.

Ya dawo da kwalba guda, an toshe da tsumma.
Ige ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska,
ta juye a tukunyar kuka:
"To, yau mu ci abin da ka tsare."

Kwalbar na nan rataye a zaure.
Har ya rasu, in Rima ta kawo ruwa
bakin gaɓa yake kwana, ido biyu.
Ba mu taɓa tambayarshi wa yake jira ba.