Ajin Alhamis a Garwa

Shekara talatin ina awon auduga,
daga Pitowa har Gidar, kowace kaka.
Manoma su rusuna su ce, "Ranka ya daɗe,"
ni kuwa yatsan ƙafata na ƙarƙashin sikeli
yana cin kilo biyu a kowane ƙunshi.
Ran Lahadi in sa farar riga,
in zauna bencin gaba, muryata ta danne ta kowa.

Sai da furfura ta gama da gemuna
na faɗa ajin Alhamis na cocinmu na Metodis,
mu tara a gindin dalbejiya, da fitilar caji guda.
Mama Biriskila ke jan ajin,
mai suyar kifi a bakin gada, hannunta duk tabon mai.
Ta dube ni ta ce, "Kefas, yaya ranka yake a makon nan?"
Kowa na roƙa wa raina tsawon kwana,
ba wanda ya taɓa tambayar lafiyarsa.
Na ce, "Lafiya ƙalau."
Ta ce, "To, za mu jira."
Wata biyar suna jira.

Wani dare Zakka mai walda ya kawo rigima:
"In ni na nemi Allah, ina alherin yake?
In shi ya neme ni, mene ne nawa a ciki?"
Ta nuna Binuwai da haɓa.
"Ba ku taɓa ganin kogin nan ya cika ba
alhali ko gajimare babu a saman Garwa?
Can kan tudu aka yi ruwan, muna barci.
Haka alheri yake, ya riga ka tashi,
ya riga ka sanin sunansa.
Naka shi ne ka kwance kwalekwale.
In ka ga dama ka bar shi a ɗaure,
ruwan ba ya tsinka igiyar kowa."

Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba.
Na faɗi zancen yatsa da sikeli,
na faɗi sunayen da na iya tunawa.
Ba wanda ya yi tsaki. Sauro kawai ake ji.
Na zaci an gama, har na fara neman takalmina.

Ta ce, "Zauna. Gafara an ba ka, ba da kuɗinka ba.
Amma kai ne ka san auduga:
ranar da aka saye ta ba ranar take zama zane ba.
Sai an gurza, an fid da angurya,
an shiɓa, an kaɗa, an kai wa masaƙi.
Wannan shi ne tsarkakewa, har ƙauna ta cika mutum.
Kuma zare ɗaya ba ya rufe kafaɗa,
shi ya sa muke zama mu tara."

Ran kasuwar Pitowa na hau babur
da jaka arba'in a aljihun ciki,
ina neman Inna Fanta, gwauruwar da na fi cuta.
Aka ce ta rasu bara waccan.
Ɗanta Hamajam ya karɓa, ya ƙirga sau biyu,
ya ce, "Saura na shekarar fari."
Ashe sun sani. Ashe tun can sun sani,
suna rusunawa suna ce mini ranka ya daɗe.
Bai gode ba, bai ba ni ruwa ba.
Na dawo ta kan gada, kogin ya ja baya,
yara na wasa a kan yashi.

Da Alhamis ta zagayo, tambayar ta iso kaina.
Na ce, "Da sauran angurya."
Mama Biriskila ta yi dariya har da tari,
ta ce, "Nawa ma. Jiya na zagi mai gawayi."
Fitilar ta mutu a tsakiyar addu'a,
muka ƙarasa a duhu.
Zakka ya ce zai kai ni Pitowa ƙarshen wata,
in dai ni zan zuba mai.