Mudun Mama Zigwai

A Kakuri na girma, bayan masaƙa,
lokacin da injuna suka yi shiru,
ciyawa ta fara cin katanga.
Iyayenmu maza na zama gindin mangwaro tun hantsi
suna lissafin kuɗin sallama da bai zo ba.

A Kasuwar Monde, layin 'yan hatsi,
nan Mama Zigwai take shimfiɗa buhunta.
Gajeriya ce, da tabon ƙuna a hannun hagu.
Acca take sayarwa, da wake, da dawa.
Karatu bai zauna mata ba.
Ran Lahadi takan riƙe littafin waƙa a juye,
tana rerawa da ka, tana riga kowa shiga baiti,
mu yara muna dariya a bayan benci.

Amma mudunta na sani.
Duk layin nan an san dabarar awo:
a ɗan ƙwanƙwasa gindin da dutse ya lotsa,
a zare loma guda daga bakin kowane gida.
Nata, gindinsa sumul kamar tafin hannu.
In ta cika sai ta yi masa tozo,
ta ƙara ɗan tafi, ta ce, "Na yara ne."

Maƙwabciyarta ta ce, "Ke da haka za ki yi rufin kwano?"
Ta ce, "Akwai mai kallon awon."
Daga nan ba ta ƙara ba. Ta ci gaba da korar ƙuda.

Shekarar da gari ya tsage biyu,
kogi ya zama katanga,
kowa ya kwashe tabarmarsa ya bi masu irin sunansa,
Malam Sallau mai kawo mata wake bai sake zuwa ba.
Kuɗin buhu uku na hannunta.
Ba takarda, ba shaida.
Ta ƙulle su a bakin tsohon ɗankwali,
ta tura ƙarƙashin katifa.
Wata bakwai 'ya'yanta na shan kunu ba sukari
a kan kuɗin da suke kwana a kai.

Ran da hanya ta lafa ta hau bas,
ta ƙetare gada, an ce mata kar ta je.
Ta bi Tudun Wada lungu-lungu tana tambaya,
har wani yaro ya nuna mata zaure.
Malam Sallau ya ƙirga sau biyu.
Ya ce, "Akwai hamsin a sama."
Ta ce, "Kuɗin buhunan ne, na yi amfani da su."
Suka yi shiru.
Matarsa ta kawo ruwa a kofin silba, ta sha duka.

Ni yau nake jan addu'a a Sabon Tasha.
Ina da kwat, ina da lasifika,
muryata na kai wa layi uku.
Na iya maganar haske har mata su yi guɗa.
Jiya kuwa na rage wa yaron shagona ɗari biyar,
na ce ciniki ne babu,
alhali aljihuna ya san gaskiya.

Da damina ta wuce muka kai ta gida, can kudu,
muka rufe ta kusa da gonar citta.
Ba ta bar rufin kwanon ba.
'Yarta Bityong ta miƙo mini mudun a leda,
wai Mama ta ce a ba ni. Ban san dalili ba.
Ko kuwa na sani.

Yana nan rataye a ƙusa, bayan kanta.
In an ɗauke wuta da dare, kafin in lalubo ashana,
hannuna kan kai gare shi.
Sai in shafa gindinsa a cikin duhu.
Ya Yesu, har yanzu sumul yake.
Gobe da safe zan kira yaron nan.